Taubashiyata Ta Ce In Je Asibiti, Na Sa Aka Durƙusar Da Ita

Ina sunkuye ina jera mazarƙwaila a cikin kwali, wadda Baba zai kai kasuwa washegari, sai na ji wani abu ya soke ni a mara ta gefen dama, kamar an cusa mini tsinken tsire an murza sannan an zare. Na dafa bango na tsaya cak. Bai daɗe ba ya sake ni, amma ya bar mini gumi a goshi da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki. Umma ta leƙo daga madafa ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata jijiyar ƙafata ce ta riƙe saboda daɗewa a tsugune. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na yi a kan ciwon nan, kuma ita ce mafi sauƙi a cikinsu.

Edita, ina roƙon a sakaya sunana da na kowa. A lokacin shekaruna ashirin da uku, ina zaune a gidanmu a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Gubuci. Mahaifina manomin rake ne, kuma yana da injin matse shi. An riga an sa mini rana, sai an gama aikin rake za a yi biki. Takardar gama sakandare tana ƙasan akwatina tare da tsofaffin littattafan kimiyya da na ƙi yarda a kunna wuta da su. Duk wanda ya gan ni zai ce yarinya ce mai fara'a da son raha. Ba wanda ya san cewa shekara biyar na yi ina ɗauke da wata mace a zuciyata, ina kwana da ita ina tashi da ita.

Macen nan 'yar Gwaggo ce, ƙanwar Baba da ke aure a Kudan, wato taubashiyata. Wata huɗu na ba ta. Kun san yadda wasan taubasai yake a wajenmu: ni 'yar namiji ce, ita 'yar mace, don haka tun muna yara baiwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini uwargijiya mai ƙudaje, wai don duk inda na zauna ƙudajen mazarƙwaila na biye da ni kamar fadawa. Duk abin da taubashi ya faɗa maka ba ka da ikon yin fushi, ba ka kuma kai shi gaban manya. In ka kai, kai za a yi wa dariya. Da za mu shiga sakandare aka kawo ta gidanmu saboda mun fi kusa da makaranta. Shekara shida muna kwana a katifa ɗaya. Ni ce nake zana mata zuciya da huhu a littafinta, ni ce nake yi mata bitar darasi a hanya muna tafe muna shan rake, domin ita ba ta riƙe sunayen ƙasusuwa. Malamanmu ni suka sani, ita kuwa 'yar'uwar wance ake ce mata.

Shekarar da muka gama, kakarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, Umma kuma tana goyon tagwaye. Aka ce in dakata in yi jinyar tsohuwa, baɗi sai in nemi makarantar koyon aikin lafiya. Ita taubashiyar tawa ta nema a shekarar, ta kuma samu. Jinya ta ci shekara biyu kafin Allah ya karɓi abarsa. A nan ne nake so in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan an yi sadakar arba'in, Baba da kansa ya kira ni ya ce in je in yanki fom. Ni ce na ƙi. Na ce masa karatun ya fita a raina. Gaskiyar magana, na lissafa ne na ga zan shiga aji ɗaya tana aji uku, zan riƙa gaishe ta a matsayin babba, wataƙila ma a ce ita za ta nuna mini yadda ake riƙe allura. Na gwammace in zauna a gida ina korar ƙuda. Daga baya kuma na riƙa ba wa mutane labari kamar hana ni aka yi.

Da ta gama ta fara aikin sa kai a wani ƙaramin asibiti wajen Janfalan, duk ƙarshen mako biyu takan biyo ta gidanmu. Kafin ta cire mayafi matan unguwa sun cika tsakar gida, wannan da katin awo, wannan da yaro mai zazzaɓi, wannan da kwalin magani tana so a karanta mata. Likita suke ce mata, tana cewa ita ba likita ba ce, suna ƙara cewa likita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Umma, wadda ni nake karanta mata takardar magani shekara da shekaru, ita ma ta koma ajiye tambayoyinta sai 'yar Gwaggo ta zo. Ni kuma sai a ce in kawo wa likita ruwa. Ina kawowa in dire kofin in ce ga shi, likitar fo, a wanke hannu tukuna kada a shafa mana kashin marasa lafiya. Mata su kwashe da dariya, ita ma ta yi dariya ta ce Allah ya ja zamanin uwargijiya, ƙudaje na gaisuwa. Kowa na ganin wasa ne. Ni kaɗai na san cewa nawa ba wasa ba ne. Al'ada ta ba ni rigar da zan zage ta a gaban jama'a ba mai ce mini kul, na kuwa sa rigar nan har ta koɗe.

Ciwon bai tsaya a rana ɗaya ba. Yakan zo in na ɗaga tulu, ko na miƙe da sauri daga sujada, ya murɗa ni na ɗan lokaci ya sake. Al'adata ta rikice, wani watan ta zo sau biyu, wani watan ta yi jinkiri. Fitsari ya riƙa matsa mini a kai a kai, zanen da nake ɗaurawa ya fara kama ni a mara alhali ban ƙara ƙiba a ko'ina ba. Na buɗe tsofaffin littattafaina, na duba a waya, na yanke wa kaina hukunci cewa sanyi ne. Na je kyamis a cikin gari na lissafa wa mai shagon magungunan da nake so da sunayensu na Turanci, ina jin daɗin yadda ya ɗago ya dube ni ya tambaya ko ni ma'aikaciyar lafiya ce. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya ce duk da haka gara in je a duba ni, na ce masa na san abin da nake yi. Wata uku ina haɗiyar ƙwayoyi a ɓoye, ina ce wa kaina ai abin da ta sani na riga ta sani.

Wata Asabar taubashiyar tawa ta zo kamar kullum. Na tashi daga tabarma zan ɗauko mata ruwa, abin ya soke ni, na dafe gefen dama ban sani ba. Ta gani. A gaban mutane sai ta yi wasa, ta ce uwargijiya ta fara ajiye tumbin amarci tun ba a kai ta ba. Amma da mata suka watse ta biyo ni madafa ta janyo ƙofar langa-langa. Fuskarta babu dariya ko kaɗan. Ta ce ta lura tun zuwanta na baya ina tafiya a karkace, ta tambaye ni tun yaushe, wane gefe, yaya al'adata. Na ce mata ta tafi ta tambayi masu fo. Ta ce in bar wasa, ciwon mara na gefe ɗaya da yake zuwa yana tafiya ba abin rainawa ba ne, yana iya zama wani ƙulli ne a wurin ƙwan haihuwa, kuma ba a gane shi sai da hoton ciki. Ta ce in shirya ranar Litinin ta raka ni babban asibiti, za su fara da gwajin fitsari na juna biyu kamar yadda ake yi wa kowace mace, kada in ji komai, sannan su yi hoto. Ta riƙe hannuna tana faɗar haka. Ni kuwa ba abin da nake gani sai yarinyar da na koya wa sunan ƙashin cinya, yau ita ce take gaya mini abin da ke cikin cikina.

Wallahi na san abin da take nufi da gwajin nan. Na karanta, na san ƙa'ida ce. Amma tana fita daga gidan na shiga ɗakin Umma na fashe da kuka, na ce 'yar Gwaggo ta tsare ni a madafa ta ce cikina ya tasa, in zo a yi mini gwajin ciki. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, na dai cire duk sauran. Umma ta yi salati ta dafe ƙirji, ta ce yarinyar da aka sa wa rana za a jefa da wannan magana, in ta fita waje wa zai tsayar da ita? Ta ce wannan ya wuce wasan taubasai. Da Baba ya dawo daga gona ta gaya masa, shi kuma bai ko zauna ba ya kira ƙanwarsa a waya.

Kwana biyu bayan haka Gwaggo ta zo tun da hantsi, da 'yarta a bayanta. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Baba. Taubashiyata ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ce Kawu, ba haka nake nufi ba, Gwaggo ta daka mata tsawa ta ce ta rufe mata baki, karatun da ta yi ba lasisin ɓata 'ya'yan mutane ba ne, gidan nan ne ya ci da ita ya shayar da ita shekara shida. Ta ce ta durƙusa ta ba ni haƙuri. Ta kuwa durƙusa, gwiwa biyu, a gabana, da fararen takalmanta na aiki a bakin ƙofa. Ta ce in yafe mata, ba za ta ƙara ba. Da ta ɗago ta dube ni, ba fushi na gani a idonta ba, kallon da ake yi wa mutumin da ya tsaya a bakin rijiya ne. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye komai ba: daɗi na ji. Ranar har na ƙara tuwo. Na ce a raina yau dai baiwa ta koma matsayinta.

Daga ranar ba ta sake ce mini uwargijiya ba. In ta zo gaishe da su Baba sai ta ce mini ina wuni, ya gida, ya shirye-shirye, kamar wata baƙuwa da muka haɗu a mota. In na jefa mata likitar fo sai ta yi murmushi kawai ta ce Allah ya ba da haƙuri. Sau ɗaya ta turo mini saƙo a waya, ta ce ko ba tare da ita ba, don Allah in je a yi hoton. Na goge ban amsa ba.

Bayan kamar mako shida takardar ɗaukarta aikin gwamnati ta fito. Gwaggo ta shirya walima a Kudan, aka gayyaci dangi kaf, har da na Ikara. Umma ta ce tunda an yi sulhu dole mu je, ta fito mini da atamfar da aka yi anko. Na kwanta na ce kaina ke ciwo. Ba kaina ba ne. Ba zan iya zama in ga ana rungumar ta ana ɗaukar hoto ana cewa ta fitar da dangi kunya ba. Umma ta yi mita ta gaji, ta kwashi tagwaye suka tafi da matan maƙwabtanmu na kusa a mota guda. Baba kuma tun asuba yana wajen inji a gonarsa ta Gazara. Gida ya rage daga ni sai kaji. Har na saka sakata a ƙofar gida don kada wata maƙwabciya ta shigo ta tambaye ni dalilin da ban je ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ɗauki bokiti zan ɗebi ruwa a rijiyar tsakar gida. Na jawo guga, na juya zan zuba, sai abin ya zo. Wannan karon bai sake ni ba. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an kama wani abu a cikin marata da hannu biyu ana matse shi yadda ake matse wanki, ana ƙara murɗawa. Na faɗi a kan gwiwoyina, guga ya koma rijiya da igiyarsa. Amai ya taso mini, na yi har sai da ya zama ruwa mai ɗaci. Ciwon ya sauka cinyata ta dama ya zagaya baya. Na gwada kwanciya, na gwada tsugunawa, na gwada naɗewa kamar jariri, babu wadda ta yi. Da rarrafe na isa ɗaki inda wayata take caji. Na kira Umma sau huɗu, wayar na cikin jaka, ga hayaniyar biki. Na kira Baba, ƙarar inji ba ta bari ya ji ba. Na yi ihu, amma maƙwabtan da ke jin ihun gidanmu duk suna Kudan suna cin shinkafa.

Mutum ɗaya na sani a duniya da ba ta rabuwa da wayarta ko a gidan biki, saboda masu naƙuda na kiran ta. Lambarta na nan a wayata da sunan Baiwata. Ku yarda da ni, ina kwance cikin amaina, ina ganin duhu-duhu, amma na daɗe ina kallon sunan nan ban danna ba. Ina tunanin yadda za a ce a gaban dangi ga ta can ta nemi likitar fo. Sai da na ji yatsuna sun fara sanyi, na tuna ko kalmar shahada ban yi ba, sannan na danna. Bugu biyu ta ɗauka. Ina jin kiɗan ƙwarya da guɗa a bayanta. Ban iya cewa komai ba sai sunanta, sunanta na yanka, wanda rabona da in kira ta da shi tun muna 'yan firamare. Daga baya ta gaya wa Umma cewa ba nishin da nake yi ne ya tayar mata da hankali ba, sunan ne.

Ba ta tambaye ni dalilin da ban zo ba. Ta ce gefen dama ne? Na ce e. Ta ce kada in sha ko ruwa, kada in haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, in lallaɓa in zare sakata in kwanta a zaure, tana zuwa. Ta bar wayar a kunne tana yi mini magana, ina jin tana ce wa wani ya tayar da mota, ina jin Gwaggo na tambayar ina za ta ana shirin yi mata addu'a. Haka ta shigo zaurenmu da leshinta na walima da lalle a hannu, Umma na biye da ita ba ko mayafi. Ta taɓa cikina na yi ƙara, ta duba idona, ta kama wuyan hannuna tana kallon agogo. Ita da Umma suka ɗauke ni. A mota kaina na kan cinyarta, duk ramin da muka faɗa sai na ƙanƙame leshin nan, na yi masa amai har sau biyu. Ba ta ko duba ba.

A babban asibitin da muka fara zuwa, wata nas ce ta karɓe mu, babbar mace, Kirista daga kudancin jihar nan, mai saurin hannu. Tana ɗaura mini ƙarin ruwa ta miƙo wata 'yar roba ta ce a samo fitsari za a yi gwajin juna biyu. Umma ta yi farat ta ce yarinyar budurwa ce, an ma sa mata rana. Nas ɗin ta ce Mama, ki kwantar da hankalinki, ba zargi ba ne, duk macen da ta zo da irin wannan ciwon mara sai an yi mata, ko matar liman ce ko 'yar fasto, domin akwai cikin da yake zama ba a cikin mahaifa ba, in ba a cire shi daga lissafi ba ba a san inda za a dosa ba. Umma ta karɓi robar. Ta dubi taubashiyata, sannan ta juyo ta dube ni. Duk azabar da nake ciki sai da na ji wannan kallon. Na rufe ido.

Gwaji ya nuna babu komai. Hoto kuma ya nuna ƙulli mai ruwa a jikin ƙwan haihuwa na dama, aka ce girmansa ya kai babban lemo, kuma ga alama ya murɗe. Suka ce aikin ya fi ƙarfinsu a ranar, suka rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Zariya. Kafin la'asar muna can. Baba ya iso da kayan gona a jikinsa, ya sa hannu a takardar tiyata. Likitan mata ya gaya masa a gabana cewa za su yi ƙoƙari su warware su cire ƙullin su bar ƙwan, amma sai sun buɗe za su san ko yana da sauran rai. Ana tura ni a gado na ji ina neman hannun wani. Nata na samu. Na buɗe baki zan ce ta yafe mini, ta ce in yi shiru in yi ta salati.

Washegari da safe likitan ya zo zagaye ya tsaya a kaina. Ya ce ƙullin ne ya yi nauyi ya sa ƙwan ya juya a kan jijiyar da ke kai masa jini, kamar yadda ake murɗe bakin buhu. Ciwon da nake ji yana zuwa yana tafiya, wataƙila murɗewa yake yi yana warwarewa, jiya kuma ya murɗe bai koma ba. Sun same shi ya yi baƙi ya mutu, dole suka cire shi. Ya ce na hagu yana nan lafiya. Sannan ya tambaye ni tun yaushe nake jin ciwon, na ce wata biyar. Ya girgiza kai ya ce da an yi hoto tun farko, da an cire ƙullin cikin natsuwa an bar mini abina. Ya ƙara da cewa sun aika abin da suka cire ɗakin bincike don a tabbatar ba mugun ƙari ba ne, sai bayan mako uku za a sani. Taubashiyata na tsaye a gefen gado tana riƙe da katina. Ba ta ce ai na faɗa ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Makonni ukun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Na gaya wa Umma komai, har maganar fom. Ta yi kuka ta ce na sa ta ɗauki alhakin baiwar Allah, ta shirya da kanta ta je Kudan ta ba Gwaggo haƙuri. Ni ma na ba taubashiyata haƙuri, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ta ce ba komai, ya wuce, Allah ya ƙara sauƙi. Tana zuwa ta wanke mini ɗinki, ta duba zafin jikina, ta ce sannu, ya ƙarfin jiki. Ladabin nan nata ya fi wuƙar likita yanka. Ga tsoron sakamako. Ko tari na yi sai in ce shi ke nan ya bazu. Wanda zan aura ya zo dubiya ya ce shi ba abin da ya canza a wajensa, amma ina kallon bakinsa ina tunanin abin da danginsa za su ce in sun ji an cire wa amarya ƙwai ɗaya. Har yau da nake rubutun nan, in wani abu ya ɗan motsa a gefen hagu sai gabana ya faɗi, in ajiye abin da ke hannuna in zauna.

'Yan'uwana mata, musamman 'yan mata irina da suka ɗan yi karatu suke ganin sun san komai, ga abin da nake so ku ɗauka. Ba duk ciwon mara ne sanyi ba. In yana gefe ɗaya, yana zuwa yana tafiya, ko al'ada ta rikice, ko mara ta tasa, ku je a yi hoto. In kuwa ya zo farat ɗaya da ƙarfi da amai, kada a tsaya jiƙo ko kyamis, a nufi asibiti a lokacin. Iyaye kuma, in an ce za a yi wa 'yarku gwajin juna biyu a asibiti, ba mutuncinta ake taɓawa ba, ranta ake nema. Sannan ku binciki zuciyarku. In akwai wadda ko gaskiya ta faɗa muku ba kwa iya karɓa don daga bakinta ta fito, to ciwonku biyu ne, kuma na biyun ba ya fitowa a hoto. Ni nawa ya ci mini makaranta, ya ci mini ƙwai ɗaya, saura kaɗan ya ci raina a bakin rijiya da sakata a ƙofa.

Ranar karɓar sakamako ta ɗauki hutu a wajen aiki ta raka ni, don Umma na fama da tagwaye. Muka zauna a benci tun safe muna jiran layi. Wajen ƙarfe goma sha biyu saura aka kira ni. Likitan ya buɗe takarda ya karanta, ya ɗago ya ce in gode wa Allah, ƙulli ne na ruwa kawai, babu cutar daji ko alamarta, kuma ƙwai ɗaya mai lafiya ya ishi mace ta haihu in Allah ya nufa. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Muna fitowa baranda na durƙusa a ƙasa ina kuka, mutane na ratsa mu. Ta tsaya a kaina ta bar ni na yi mai isata. Can sai na ji ta ce to, uwargijiya mai ƙudaje, a tashi haka nan, an tara mana jama'a. Ta ce kuma in sani, duk ranar da naƙuda ta kama ni hannun likitar fo zan faɗo, kuma sai na durƙusa mata gwiwa biyu kafin ta karɓi ɗan. Na ɗago na dube ta, idonta ya cika da hawaye tana dariya. Na ce mata ko yanzu ma a durƙushe nake.